Na Faɗi Jarrabawa, Ina So A Sake Duba Min: Na Yi Jayayya Da Ƙaddara Ne?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa, watannin baya wani matashi ya same ni bayan sallar isha'i. Ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso ya gaishe ni. Na san shi tun yana ƙarami, na san mahaifinsa. Mutanen wani ƙauye ne a gefen madatsar ruwa ta Zobe, a nan ƙasar Dutsin-Ma. Uban manomi ne, damina ya yi dawa da masara, rani ya yi tumatir da albasa. Yaron ya ba ni izinin in ba da labarinsa ba tare da suna ba, don yana ganin akwai irinsa da yawa.

Ya karanta aikin jinya, ya gama, ya yi wajen shekara biyu yana aikin sa-kai a wani asibiti, babu tsayayyen albashi. Sai ya ji cewa ƙasar Jamus tana ɗaukar ma'aikatan jinya daga waje, amma sai mutum ya iya harshensu. Ya duƙufa koyon Jamusanci, yawanci ta waya, da daddare bayan ya taso aiki. Da lokacin jarrabawa ya yi, mahaifinsa ya kai ɗaya daga cikin shanun huɗarsa kasuwa, aka biya kuɗin jarrabawa da na mota da na masauki, domin tafiya ce mai nisa zuwa kudu.

Ga wanda bai sani ba, harsunan Turai an kasa iya su zuwa matakai shida, daga A1 har C2. Masu ba da izinin aikin jinya a Jamus galibi matakin B2 suke nema. Jarrabawar da ya zauna kashi huɗu ce: karatu, sauraro, rubutu da magana. Kowane kashi maki 100 ne, kuma sai ka samu 60 za a ce ka ci. Yaron nan ya ci uku. A rubutu ya samu 55. Maki biyar ne suka tsaya tsakaninsa da abin da aka sayar da sa dominsa.

Ya ce min: "Allah Ya gafarta Malam, Baba ya ce in yi haƙuri, abin da Allah Ya rubuta ne, kada in je ina jayayya da hukuncin Allah. Abokaina kuma sun ce da gangan aka kayar da ni don in sake biya, wai don ni baƙar fata ne kuma Musulmi, in fito Facebook in tona musu asiri. Ni kuma wallahi a raina ina jin abin da na rubuta ya fi 55. Idan na rubuta takardar ƙorafi, na taɓa imanina da ƙaddara? Idan kuma na yi shiru, ban yi sakaci da guminmu ba?"

Ban ba shi amsa a daren ba. Na ce ya dawo bayan kwana biyu. Dalili kuwa, tambayarsa ta taɓo min wani miki nawa na kaina, wanda zan faɗa muku a gaba. Abin da ke tafe shi ne abin da na gaya masa, da ɗan ƙari.

Mu fara da maganar mahaifin, domin ita ce ta fi nauyi, kuma daga kyakkyawar zuciya ta fito. Dattijo ne da rayuwa ta koya masa haƙuri. Ya ga shekarar da tumatir ya ruɓe a kwando saboda babu mai saye, ya ga shekarar da tsutsa ta cinye masara, bai taɓa zagin zamani ba. Irin wannan haƙurin ado ne. Kuma gaskiya ya faɗa, babu abin da ke faruwa sai da sanin Allah da ikonSa. Faɗuwar yaron tana cikin ƙaddara.

To amma ina tambaya: rubuta takardar ƙorafin fa, a wajen ƙaddara take?

Wannan tambayar an riga an amsa mana ita tun zamanin Sahabbai. Lokacin da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya nufi ƙasar Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sarg, sai aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya yanke cewa za a juya. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah ake yi. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Ya kawo masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya a bushe: duk gefen da ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Babu mai hankalin da zai zaɓi busasshen gefe ya ce tawakkali yake yi.

Ku bar tarihi ma, mu zo gida. Wannan dattijon, idan ya kai buhun masara kasuwar Dutsin-Ma, shi ya auna da hannunsa a gida ya san tiya nawa ya zuba, sai mai saye ya auna ya ce saura tiya biyu buhu ya cika, me zai ce? Zai ce haka Allah Ya ƙaddara ya karɓi kuɗi ya tafi? A'a. Cewa zai yi: "A juye a sake awo." Kuma duk kasuwar babu wanda zai ce imaninsa ya yi rauni. To me ya bambanta tiya da maki? Duk awo ne, duk ɗan Adam ne yake yi, kuma ɗan Adam yana kuskure.

Malamai sun yi bayani cewa ƙaddara ana samun natsuwa da ita a kan musibar da ta riga ta auku, wadda babu sauran dabara a kanta. Amma ƙofar da take a buɗe, wadda shari'a ba ta hana ba, ƙa'idar masu jarrabawar ma ta tanade ta, wanda ya ƙi shiga ya ce ƙaddara, ya ɗora wa ƙaddara abin da ba nata ba. Sau da yawa ma ba tawakkali ke hana mu ba. Tsoro ne, ko kunya, ko ganin cewa talaka ba ya magana a gaban ofis. Sai mu sa wa tsoron riga ta addini.

Dubi hadisin Zul Yadaini, wanda duk ɗalibin da ya karanta babin ƙabli da ba'adi ya san shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ja sallar rana mai raka'a huɗu, ya yi sallama a raka'a biyu. A cikin sahu akwai Abubakar da Umar, amma kwarjini ya hana su magana. Wani sahabi da ake yi wa laƙabi da Zul Yadaini shi ne ya tambaya: mantuwa aka yi, ko sallar ce aka rage? Annabi bai tsawata masa ba. Ya juya ya tambayi jama'a, suka tabbatar, ya cika sallar ya yi sujjada biyu. Ku lura da yadda mutumin ya yi tambayar. Bai yanke hukunci ba, ya bar ƙofa biyu a buɗe, domin mai yiwuwa ne akwai abin da shi bai sani ba. Idan an tambayi fiyayyen halitta a kan ƙidayar raka'a, wane ne mai duba takarda da za a ce tambayarsa rashin ladabi ce?

Haka Khaula 'yar Sa'alaba, wadda mijinta Aus ɗan Samit ya yi mata zihari. Ta kai kukanta, ta yi ta maimaitawa, ba ta gamsu ta tafi ba, har Allah Ya saukar da farkon Suratul Mujadala a kan lamarinta. Sunan surar kansa daga jayayyar da ta yi ya samo asali.

A babin gado kuma akwai mas'alar da ake kira Mushtaraka, wasu su ce Himariyya. Mace ta rasu ta bar miji, da uwa, da 'yan uwa li'ummai, da shaƙiƙai. Miji ya ɗauki rabi, uwa ta ɗauki ɗaya bisa shida, li'ummai suka ɗauki ɗaya bisa uku, dukiya ta ƙare, shaƙiƙai ba su samu komai ba. Haka Umar ya fara hukuntawa. Da irin mas'alar ta sake zuwa, shaƙiƙan suka kawo hujja: a ɗauka ma ubansu ba kowa ba ne, ai uwarsu ɗaya da mamaciyar. Umar ya saurara, ya haɗa su da li'umman a cikin ɗaya bisa ukun. A kan wannan mazhabar Imamu Malik take tafiya har yau. Da waɗancan mutanen sun yi shiru sun ce ƙaddara, da ba a ji hujjarsu ba. Shi dai Umar ɗin ne kuma, a wasiƙar da ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari kan alƙalanci, ya gargaɗe shi kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ya gano ta yau. Kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a da muke da su, har da ta nan jihar Katsina, a kan wannan fahimtar suke tsaye.

Wani zai ce ai waɗannan manyan hukumomin jarrabawa ba sa kuskure, kwamfuta ce ke aiki. To mu tuna abin da ya faru a ƙasar nan a 2025. Sakamakon JAMB ya fito a watan Mayu, ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da rabi suka samu ƙasa da maki 200 cikin 400. Iyaye da ɗalibai suka yi ta kuka cewa akwai matsala. Da farko mutane da yawa sun ce yaran ne ba sa karatu. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida, har da hawaye, ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa. Bayan wata uku, WAEC ta fitar da sakamako ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Cikin 'yan kwanaki ta dawo ta ba da haƙuri, ta ce an yi kuskure wajen makin wata takardar Turanci, adadin ya koma kashi 62.96. Ku auna yawan gidajen da aka kwana ana kuka a kan kuskuren da ba na 'ya'yansu ba. Da kowa ya kama bakinsa, da haka za a tafi.

Saboda haka na ce wa yaron: neman a sake dubawa halal ne, bai taɓa imaninka da komai ba.

Sai dai ban tsaya nan ba, domin maganar abokansa ta fi ta mahaifinsa haɗari nesa ba kusa ba. Mahaifin, in ya yi kuskure, haƙƙin ɗansa kawai zai salwanta a duniya. Abokan kuwa so suke su ɗora masa haƙƙin wasu ya tafi da shi lahira.

Na tambaye shi: "Ka ga takardarka bayan an duba ta?" Ya ce a'a. "Ka san wanda ya duba?" Ya ce a'a. "Akwai wanda ya gaya maka ya ji ana shirya kayar da kai?" Ya ce babu. Na ce to da me za ka tsaya gaban Allah idan Ya tambaye ka hujjar cewa mutanen nan macuta ne? Hausawa sun ce zato zunubi, kuma Suratul Hujurat ta riga ta hore mu da nisantar yawan zato, ta kuma umarce mu da bincike kafin mu afka wa mutane cikin rashin sani mu dawo muna nadama. Ƙa'idar shari'a a bayyane take, hujja tana kan mai da'awa. Kai ne kake da'awar an cuce ka, kai za ka kawo shaida.

Kuma kada wani ya ce ai ba Musulmi ba ne. Ƙazafi ƙazafi ne ko a kan wa aka yi shi. A cikin Suratul Ma'ida Allah Ya hana mu barin ƙin wasu mutane ya kai mu ga rashin adalci a kansu. Ban ce babu wariya a duniya ba, akwai ta, kuma 'yan uwanmu da ke zaune a Turai suna ba da labarinta. Amma kasancewar akwai ɓarayi a gari ba ya halatta maka ka kama wanda ka ga dama ka ce shi ya ɗauke maka akuya. Gaskiya ne Suratun Nisa'i ta yi wa wanda aka zalunta rangwame ya bayyana abin da aka yi masa. To amma rangwamen na wanda aka zalunta ne, ba na wanda yake jin kamar an zalunce shi ba. Tsakanin biyun akwai tafiya, kuma sunan tafiyar bincike.

A irin wannan jarrabawar ma, ƙa'idarsu ita ce mutum biyu ne suke duba rubutu, kowa shi kaɗai, sannan a ɗauki tsakiyar makin da suka bayar. Idan ɗaya ya ce an ci, ɗaya ya ce an faɗi, kuma tsakiyar ba ta kai 60 ba, sai a kawo na uku. Wannan bai sa sun zama ma'asumai ba, amma ya isa ya sa mai tsoron Allah ya rage gudu kafin ya ce da gangan aka yi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A ce ya yi ta hayaniya, mutane suka taya shi, aka gaji aka ƙara masa maki biyar ɗin alhali bai cancanta ba. Ya ci riba? Hadisin Ummu Salama ya ba mu amsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da masu kawo masa ƙara cewa wani yakan fi wani iya tsara magana, kuma duk wanda aka yanke masa abin da ba haƙƙinsa ba saboda iya bakinsa, yankin wuta aka yankar masa. Hukuncin alƙali ba ya mayar da haram halal. Takardar shaida ma haka.

Ku tuna kuma aikin da yake nema. Ma'aikacin jinya rubutu yake yi kullum: wane magani aka ba majinyaci, ƙarfe nawa, guda nawa, me ya ci, me ya canza a jikinsa cikin dare. Wanda ya karɓe shi aiki da safe da wannan rubutun zai yi amfani. Idan ya rubuta abin da ba a gane ba, ko aka fahimce shi a baibai, wata tsohuwa ce a kan gado za ta biya, wadda ba ta san an taɓa yin wata jayayya a kan maki biyar ba. Wannan 60 ɗin katanga ce da aka yi domin ita. Mai neman a rusa katangar don shi ya wuce, ya tuna akwai rai a bayanta.

To ina mafita? Na ce masa ya yi wa kansa tambaya ɗaya, ya amsa tsakaninsa da Allah: gaskiya kake nema, ko nasara? Alamar mai neman gaskiya ita ce ya yarda tun kafin ya tafi cewa awon zai iya fitowa a kansa. Dattijon da ya ce a juye buhu a sake awo, idan aka auna a gabansa aka ga lallai saura tiya biyu, dole ya ce "na yarda, ni na yi kuskure." Wanda zai ce a sake awo, amma ya ƙudurta cewa duk awon da bai ba shi gaskiya ba na ƙarya ne, wannan ba awo yake so ba. Suratun Nisa'i ta umarce mu da tsayuwa da adalci ko da a kan kawunanmu ne, kuma wannan ita ce shaidar da ta fi kowace ɗaci.

Sannan na nuna masa cewa kuskuren mai duba takarda iri biyu ne. Akwai kuskure bayyananne: an tsallake shafi, an haɗa lissafi ba daidai ba, an saɓa wa ƙa'idar da aka rubuta. Wannan a nuna shi da yatsa, kuma wajibi ne a gyara. Akwai kuma abin da yake na nazari ne, kamar a ce wannan jimlar ta cancanci maki kaza ko kaza. A nan masana biyu za su iya saɓawa ba tare da ɗayansu ya yi zalunci ba. Malaman fiƙihu suna da ƙa'ida cewa ba a warware ijtihadi da ijtihadi irinsa. Shi ya sa Umar, da ya canza hukunci a mas'alar gadon nan, bai koma ya rushe na farko ba. Don haka "ina jin na fi haka" ba hujja ba ce. Hujja ita ce "ga wuri kaza, ga abin da ƙa'idarku ta ce, ga abin da aka yi."

Na ce ya karanta ƙa'idojinsu da kyau, ya kiyaye wa'adin da suka sa, ya fara da neman a nuna masa takardarsa kafin ya yi maganar ƙorafi. Ya rubuta da ladabi, irin tambayar Zul Yadaini, babu zagi babu barazana. Kuma kada ya rubuta komai a Facebook.

Yanzu ga mikin da na ce zan faɗa muku. Shekarun baya ina koyar da Fiƙihu a wata Islamiyya. Bayan jarrabawar ƙarshen shekara na raba takardu, sai wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, kamar ba a haɗa min da na bayan takarda ba." Na gaji a ranar, kuma raina ya ɓaci da ya faɗa a gaban aji. Na ce: "Kai ne za ka koya min lissafi? Kawo takardar, zauna." Yara suka yi dariya. Ya zauna, bai sake cewa komai ba. Aka yi walima, aka ba wani na ɗaya, shi ya zo na uku. Bayan watanni ina gyara kabad na ci karo da takardar. Na juya bayanta. Amsa ce cikakkiya, da jan birona a kanta, maki goma, ban haɗa ba. Shi ne na ɗaya.

Na nemi yaron, aka ce sun tashi. Lokacin ne matsalar 'yan bindiga ta tsananta a ƙauyukan yankinmu, daga Kurfi har Safana da Batsari, gidaje da yawa suka watse. Har yau ban same shi ba. Ba kyautar ce take damuna ba. Abin da ke hana ni barci shi ne darasin da na koya masa a ranar, cewa idan kana da gaskiya a gaban babba, ka yi shiru. Ni da aka ba amanar in koya masa addini, ni na koya masa wannan. Ina roƙon Allah Ya yafe min, Ya haɗa ni da shi tun a duniya in nemi afuwarsa.

Shi ya sa nake kira ga duk wanda Allah Ya ba alƙalami a kan wasu, malamin makaranta ne, alƙalin musabaƙa ne, ma'aikacin ofis ne: idan na ƙasa da kai ya ce a sake dubawa, ka duba. Minti biyu ne. Idan kai ne da gaskiya ba ka rasa komai ba, idan shi ne, an cece ka daga haƙƙi. Suratul Muɗaffifina ba a kan 'yan kasuwa kaɗai ta sauka ba. Duk mai son a cika masa idan ya karɓa, ya tauye idan zai bayar, ya ji tsoron shiga cikinta.

Na je na samu mahaifin yaron a gona, muka zauna a gindin bishiya. Na kawo masa misalin buhu da tiya. Ya yi shiru, sannan ya yi murmushi ya ce: "Malam, ka kama ni." Shi ya ba da kuɗin motar tafiya ta biyu.

Aka ba yaron rana, ya je ya ga takardarsa a gaban ma'aikaci. Da yamma ya kira ni. Muryarsa a sanyaye ya ce: "Malam, lissafinsu daidai ne. Ni ne." Ashe aiki na biyu wasiƙa ce zuwa ga shugaba a wurin aiki, an ba da abubuwa huɗu da dole a taɓo. Shi kuma ya haddace wata wasiƙa da ake yawo da ita a WhatsApp, da ya ga tambayar ta yi kama da ita sai ya juye haddarsa. Jamusancin ya yi kyau, amma abu biyu kawai ya amsa cikin huɗun. Ƙari a kan haka, Jamusawa suna da kalmar girmamawa da ake yi wa babba magana da ita, kamar yadda muke ce wa dattijo "ku", da wadda ake yi wa aboki, kamar "kai". Ya fara da ta girmamawa, a tsakiya ya zame ya koma ta aboki bai lura ba. Abin da yake ji a ransa cewa ya yi rubutu mai kyau gaskiya ne. Sai dai ba abin da aka tambaye shi ya rubuta ba.

Wani zai ce to an yi asarar kuɗin mota ke nan. Ni ban ga asara ba. Da bai je ba, da har ya tsufa yana ba 'ya'yansa labarin yadda aka cuce shi, yana ɗauke da haƙƙin mutanen da ba su yi masa komai ba. Da kuma ya sake zama jarrabawar da haddarsa, ya sake faɗuwa a rami ɗaya. Gani ya kori ji. Yanzu ya san ciwonsa, zuciyarsa ta wanke, kuma kashin rubutu kaɗai zai sake, tunda sauran ukun suna nan. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Yaron nan ya sauka daga kan nasa ya dube shi, kuma ba kowane babba ne yake iya haka ba.

Saura tambaya ɗaya da na san za a yi min: idan mutum ya bi duk matakan nan, yana da hujja a fili, aka ƙi saurarensa fa? To a nan ne maganar dattijon take da cikakken muhallinta. Ka yi abin da za ka iya, ƙofa ta rufe, sai haƙuri, kuma haƙurin a nan ibada ne mai lada. Akwai ranar da za a sake duba kowace takarda, ranar da hadisi ya tabbatar har tunkiya marar ƙaho za a karɓar mata haƙƙinta daga mai ƙaho. Babu makin da zai ɓace a wannan ranar, na wanda aka tauye da na wanda ya karɓi abin da ba nasa ba.

Yaron ya sake yin rajista, yana nan yana shiri, kullum sai ya rubuta wasiƙa ɗaya da kansa ba hadda. Ku sa shi a addu'a. Idan tafiyar alheri ce ga addininsa da rayuwarsa da iyayensa, Allah Ya sauƙaƙa masa. Idan ba alheri ba ce, Allah Ya musanya masa da abin da ya fi ta a nan gida.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta ko da a kanmu take. Allah Ya raba mu da haƙƙin mutane. Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.